Shaidar da Rosnani Ta Bayar

Shekara goma sha tara Rosnani ta yi a wani kamfanin jigilar kaya da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Pasir Panjang, kuma a tara na ƙarshe ita ce shugabar sashen takardun kwastan. Idan kwantena ta maƙale a tasha, ita ake fara nema. Ta san lambobin kaya da ka: na daskararren kifi daban, na busasshe daban, na taya, na man girki, na keken ɗinki. Direbobin tirela da ba su taɓa ganin fuskarta ba ma sun san muryarta a waya.

Chua Bee Geok a hannunta ta tashi. Ranar da ta fara aiki, shekara goma sha biyu da suka wuce, daga shagon sayar da wayoyi ta fito, ba ta san gaban takardar kwastan ba balle bayanta. Rosnani ce ta jawo mata kujera kusa da tata, ta koya mata komai daki-daki, har da yadda ake lallashin ma'aikacin tasha idan ya wayi gari da fushi. Tun daga ranar Bee Geok ke kiranta Kak Ros, yadda ƙanwa ke kiran yayarta, har sunan ya bi ofishin gaba ɗaya.

Sai wani babban kamfani ya saye nasu. Ba a yi wata huɗu ba aka kawo sabuwar manhaja mai cike rabin takardun da kanta, sauran rabin kuma aka tura wa wani ofis a ƙasar waje. Wata Juma'a da rana aka kira mutum goma sha ɗaya zuwa ɗakin taro, aka miƙa wa kowa ambulan ɗauke da takardar sallama. Rosnani na da shekara arba'in da takwas, Bee Geok arba'in da ɗaya. Tare suka sauko daga benen, kowacce rungume da kwalinta. A bakin titi Bee Geok ta fashe da kuka.

"Ke, share fuskarki, mutane na kallo," in ji Rosnani. "Mu da muka san aikin nan? Wata biyu ya yi mana yawa."

Suka yi alkawarin haɗuwa duk Talata a kasuwar abinci ta Taman Jurong, tunda tana tsakanin gidajensu. Wadda ta riga zuwa sai ta ajiye ƙunshin tishu a kan teburi don kada a kama wurin, ta shiga layi. Makonnin farko akwai daɗi. Su ci taliya mai romo da ake kira mee rebus, su zagi sababbin masu kamfanin son ransu, su rabu kowacce zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

A wata na uku ne Rosnani ta fara ganin abin da bai kwanta mata ba. Ta iso ta tarar da tishu a teburinsu, amma matar da ke tahowa da kofin shayi biyu ba ta gane ta ba sai da ta yi murmushi. An rage gashin ya tsaya a wuya, ga wata baƙar kwat mai tsada, ga jan-baki.

"Ke! Kotu za ki ko biki?"

"Hoto na je na ɗauka, Kak Ros. Malamin kwas ɗinmu ya ce hoton da ke shafina na neman aiki kamar na wadda 'yan sanda ke nema ruwa a jallo."

"Wane kwas kuma? Ba kin gama ba?"

"Wancan na manhajar sito ne, na gama, har satifiket sun ba ni. Wannan na sarrafa alƙaluma ne, sati takwas. Gwamnati ce ke biyan kusan duka fa, Kak. Ke ma kina da kasonki, yana can a ajiye ba ki taɓa ba. Ki zo mu riƙa zuwa tare mana. Akwai wani tsoho a ajinmu, shekararsa sittin da ɗaya."

"Au, tsoho. To ni ma tsohuwar ce ke nan, sai a haɗa mu benci ɗaya."

"Haba Kak, ba haka nake nufi ba."

"Ni da na shekara goma sha tara ina fitar da kaya daga tasha, yanzu in je in zauna wanda bai taɓa shaƙar warin kwantena ba ya koya mini aiki? Mai neman wanda ya iya aiki ya san inda zai same ni."

Bee Geok ta yi dariya ta tura mata shayinta. Daga nan ta shiga ba ta labarin wani taron baje guraben aiki da ta je a babban zauren taro na Suntec, yadda ta yi awa huɗu a tsaye, ta gaisa da manajoji bakwai, biyu har sun ba ta katinsu. Ta zaro katunan daga jaka ta jera a teburi. Rosnani ta kalle su ta kawar da kai. Ita a lokacin ta tura takardar neman aiki wuri talatin da wani abu. Uku ne kawai suka amsa, su ma da godiya da fatan alheri. Tsofaffin abokan hulɗar da ta kira kuwa, kowa cewa yake, "Kak Ros, ai ke kin fi ƙarfin wurinmu." Da farko tana jin daɗin maganar, daga baya ta gane sallama ce.

Abin da ya fi ci mata rai ya zo ne bayan sati biyu. Tana zaune a falonta a hawa na goma sha ɗaya, da hantsi, lokacin da a da ba ta da sukunin shan ruwa, sai ta buɗe shafin Bee Geok. Ga sabon hoton nan, ta harɗe hannuwa kamar mai kamfani. A ƙarƙashi ta yi wani rubutu kan abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya tura takardar fiton kaya: ya karanta lambar daga ƙarshe zuwa farko, domin ido na yaudarar mutum idan ya bi ta yadda ya saba, kada ya yarda da nauyin da abokin ciniki ya faɗa a waya, kada ya tura komai bayan ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Mutum ɗari uku da wani abu sun yaba. Wani manaja ya rubuta cewa irin waɗannan ƙwararru ƙasar ke buƙata.

Rosnani ta ji ƙyashi ya taso mata. Ta karanta sau uku. Da mijinta Jumari ya dawo daga tuƙin bas na safe, bai gama cire takalmi ba ta danna masa wayar a fuska.

"Abang," ta ce, yadda ta saba kiran mijinta, "dubi nan. Maganata ce wannan, kalma da kalma. Karanta lamba daga baya ni na ƙirƙiro shi. Ni!"

Jumari ya sa gilashinsa ya karanta a natse. "To ba ke kika koya mata ba? Ni na ɗauka da ta manta ne za ki ji haushi."

"Ko sunana ba ta ambata ba."

"Kina da shafin da za a ambace ki a ciki?"

"Kai dai kullum kana bayanta."

"Ni bayan abincin rana nake, Ros. Akwai saura?"

Ba ta yaba rubutun ba, ba ta kuma yi wa Bee Geok zancensa ba. Amma kusan kullum sai ta buɗe ta duba ko masu yabon sun ƙaru. Sun ƙaru kuwa.

A wata na biyar ta ga wata sanarwa da ta sa ta gyara zama. Wani kamfanin adana magunguna a unguwar masana'antu ta Tuas na neman shugaban sashen takardun shigo da kaya. Ta karanta abin da suke buƙata ta ga kamar ita aka zana, in ban da layi biyu na ƙarshe da suka yi zancen wata manhaja da iya aiki da alƙaluma. Ta tura takardarta. Ranar Talata ta zauna gaban Bee Geok ta ci kwaɗon 'ya'yan itacenta na rojak ba ta yi mata zancen ba. Ta riga ta tsara yadda za a yi: sai ta samu aikin, sai ta kai cokali na ƙarshe, sannan ta faɗa kamar abin da bai dame ta ba. Ta ƙosa ta ga fuskar Bee Geok a lokacin.

Aka kira ta intabiyu. Manajan, wani dogon mutum mai suna Mista Pillai, ya ji daɗinta ƙwarai. Ya jefo mata tambayoyi kan kayan da ba sa jure zafi, ta amsa kafin ya rufe baki. Sai ya juya kwamfutarsa ya nuna mata wani allo cike da layuka masu launi.

"Kin taɓa aiki da wannan?"

"Ban taɓa ba. Amma abin da yake yi, da kaina nake yin sa."

"Na yarda," in ji shi yana murmushi. Ya rubuta wani abu a takarda.

Duk da haka suka sake kiran ta karo na biyu, suka ce mutum uku ne suka rage, za ta ji daga gare su cikin sati. Ta dawo gida ta guge kayan aikinta duka ta rataye.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, tana shanya a sandunan da ke wajen taga, waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta goge hannu a zani, ta gyara murya.

"Da Madam Rosnani nake magana? Sunana Felicia, daga kamfanin da ke tantance ma'aikata. Wani kamfanin adana magunguna da ke Tuas ne ya ba mu aiki, game da kujerar shugaban sashen takardun shigo da kaya."

"Eh, ni ce. Ina jin ki."

"Madam Chua Bee Geok ta ba da sunanki a matsayin tsohuwar shugabarta. Kina da minti goma ki ba mu shaida a kanta?"

Rosnani ta nemi kujera ta zauna. Ta tuna tun watan farko Bee Geok ta roƙe ta izinin sa sunanta cikin masu shaida, ita kuma ta ce mata ta sa mana, har da ɗaga hannu kamar mai ba da kyauta. Ashe ita ma ta nemi kujerar. Ashe Talatar nan da suka zauna suna cin rojak, kowacce da abin da ta danne a cikinta. Kuma idan har an kai ga neman shaida a kan Bee Geok, ita kuwa ba wanda ya kira mutanen da ta ba da sunayensu, ai ba sai an faɗa mata inda aka dosa ba.

"Madam? Kina ji na?"

"Ina ji. Yi tambayarki."

Ta fara amsawa yadda ya kamata. Shekara goma sha biyu. Eh, tana zuwa a kan lokaci. Eh, tana zaman lafiya da mutane. Muryarta na fita sumul, amma idonta na kan rigunan da ta guge, suna rataye a jikin ƙofa.

"Akwai wani rauni da kike ganin ya kamata sabon wurin aikinta ya sani?"

Akwai wani abu da ya faru shekara takwas da suka wuce. Bee Geok ta juya lamba biyu a takardar wata kwantenar daskararren kifi, kaya suka kwana shida a tasha, mai kayan ya zo ofis yana dukan teburi. Rosnani ce ta shiga wurin shugaban kamfani ta ce kuskuren sashenta ne, ta ƙi faɗin suna, ta sha faɗan ita kaɗai. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ko Jumari bai sani ba.

Yanzu sai ta ji bakinta ya buɗe.

"To, tunda kin tambaya. Tana da gaggawa. Akwai lokacin da ta juya lamba, kwantenar kifi ta kwana shida a tasha, saura kaɗan mu rasa babban abokin ciniki. Kifi ne fa wannan. Magani kuwa, kin san ba a wasa da shi." Ta ɗan tsaya. "Yarinyar kirki ce. Sai dai a riƙa bin bayanta ana dubawa."

Ta ji ƙarar madannan kwamfuta daga can ɓangaren. Felicia ta yi godiya ta kashe.

Rosnani ta daɗe a zaune da wayar a cinya. Ba ta yi ƙarya ba, haka ta yi ta faɗa wa kanta. An tambaye ta, ta amsa. Ba ta dai faɗi cewa a shekara takwas da suka biyo baya Bee Geok ba ta sake juya lamba ko ɗaya ba, kuma ba a tambaye ta wannan ba. Ta koma ta ƙarasa shanyar. Wata rigar Jumari ta suɓuce daga sandar ta yi ƙasa, tana kallo har ta sauka a kan ciyawa, ba ta ji za ta iya sauka ta ɗauko ba.

Da rana ta faɗa wa Jumari, amma rabi: cewa ita da Bee Geok kujera ɗaya suke nema, kuma an kira ta shaida.

"Ikon Allah. To me kika ce?"

"Gaskiya na faɗa."

Ya dube ta ta saman gilashi. Shekara ashirin da uku suna tare, ya san muryarta idan ta yi kauri haka. "Wace daga ciki?" ya ce. Ta tashi ta shiga kicin, shi ma bai ƙara ba.

Ranar Litinin saƙo ya shigo daga kamfanin Tuas. Sun gode, sun yaba da gogewarta, sun zaɓi wani. Bayan awa ɗaya sai ga na Bee Geok, cike da hotunan furanni: ta samu aiki, gobe ita za ta sayi abinci, kada Kak Ros ta kuskura ta karya kumallo. Rosnani ta rubuta mata barka, ta goge, ta sake rubutawa, ta tura. Da safe ta ce kanta na ciwo ba za ta samu zuwa ba. Talatar da ta biyo kuwa Bee Geok ta riga ta fara aiki.

Wata ɗaya da rabi ba su haɗu ba. Rosnani na ganin ta dai a shafi: ga ta da katin aiki rataye a wuya, ga ta cikin farar riga a ƙofar ɗakin sanyi, ga ta tsakiyar ma'aikatanta an yanka kek. Kowane hoto sai ta buɗe shi ta faɗaɗa, ta duba teburin, ta duba kujerar, ta duba tagar da ke bayanta. Ta san ɗakin, a ciki aka yi mata intabiyu na biyu. Har ta riga ta zaɓi inda za ta ajiye tukunyar furenta.

Wata Asabar Bee Geok ta kira ta ce tana Taman Jurong, ta kama teburi, kuma ba za ta tashi ba sai Kak Ros ta zo ko da za a rufe kasuwar a kanta. Rosnani ta sa ɗankwalinta mafi kyau ta tafi.

Bee Geok ta sayi shinkafa da miya ta nasi padang faranti biyu, har da naman da Rosnani ke so. Ta rame kaɗan. Suka taɓa zancen zafin gari, da ciwon gwiwar mahaifiyar Bee Geok, da yadda bas ɗin Tuas ke cika. Sai Bee Geok ta ajiye cokali.

"Kak, na ga takardarki a cikin fayil. Ban san kin nema ba. Na rantse ban sani ba."

"Ni ma ai ban san kin nema ba."

"Ni tsoro nake ji in faɗa abin ya lalace. Mahaifiyata ma sai da na sa hannu ta ji."

"To ai shi ke nan. Kin samu, Allah ya sa alheri."

"Mista Pillai ya ce kin fi kowa sanin aikin. Manhajar ce kawai. Ya ce ba shi da wata uku da zai jira mutum ya koya."

"Ya kyauta da ya aiko ki ki faɗa mini."

Bee Geok ta sunkuyar da kai tana juya ƙanƙarar da ke kofinta. Da ta ɗago, fuskarta ba dariya.

"A intabiyu ya tambaye ni babban kuskuren da na taɓa yi. A kwas sun ce mana kada mu ɓoye, mu faɗa, mu faɗi abin da muka koya. Sai na ba shi labarin kifin. Na ce shugabata ta ɗauki laifin a kanta, ta ƙi faɗin sunana, kuma daga ranar nake karanta lamba daga baya kamar yadda ta koya mini. Satina na biyu muna shan kofi ya ce, 'Tsohuwar shugabarki ma ba ta manta da kifin nan ba. Ta ce a riƙa bin bayanki.' Yana dariya ya faɗa, shi a ganinsa labarinmu ya zo ɗaya, ya ƙara yarda da ni." Ta dubi Rosnani. "Shekara takwas, Kak. Ko ni ba ki taɓa tuna mini ba."

A teburin kusa wani dattijo na ta kiran mai shayi, ana ta ƙarar faranti, amma Rosnani kamar an toshe mata kunne. Ta so ta ce tambayarta aka yi. Ta so ta ce ai gaskiya ce. Abin da ya fito daban ne.

"Ni na koya miki aikin nan, Bee Geok. Ni na jawo miki kujera. Kika ɗauki maganata kika baza a duniya ana tafa miki, ni ina gida ina shanya. Me kike so in ji?"

"Da kin faɗa mini haka a wannan teburin, da ya fi mini sauƙi."

"Da na faɗa, sai ki ce in je kwas."

Bee Geok ta yi wata gajeriyar dariya, idonta ya kawo ruwa. "Wallahi kuwa haka zan ce."

Abincin ya huce. Can Bee Geok ta zaro wata takarda daga jaka ta ajiye tsakanin farantan.

"Ba don in kunyata ki na zo ba. Na ji zafi, har yanzu ina ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma ina da mutum huɗu a ƙarƙashina, duk sun iya manhaja, ba wanda ya san abin da zai yi idan kaya suka maƙale a tasha. Satin da ya wuce sai da na kwana biyu ina waya ni kaɗai. An ba ni izinin ɗaukar mutum ɗaya, kwantiragin wata shida. Albashin bai kai na da ba, ko kusa. Kuma ni ce shugaba, Kak. Sai kin yi tunanin wannan da kyau, don ba zan iya aiki da wadda ke jiran in faɗi ba."

Rosnani ba ta taɓa takardar ba sai da suka tashi. Ta ninke ta huɗu ta cusa a jaka.

Kwana huɗu takardar na kan firji. Jumari ya karanta ta, ya mayar, bai ce ta karɓa ba, bai ce ta bari ba. Da ta matsa masa sai ya ce, "Wanda ke tsara mana lokutan fita yanzu, ni na koya masa juya bas a kwana. Ina gaishe shi, yana gaishe ni. Wani lokacin ina jin haushinsa, sai in tuƙa motata." A cikin kwanakin nan ta sake tura takarda wuri shida. Ba wanda ya amsa. Ranar Alhamis ta sa hannu.

Bas ɗin kamfani na tashi daga tashar Boon Lay ƙarfe bakwai da kwata. Ranar da ta fara aiki Rosnani ta zauna gefen taga, ta rungume jakarta, suka wuce masana'antu da tankunan mai har aka sauke su. Mai gadi ya ba ta katin wucin gadi mai igiya ja, na sauran shuɗi ne. Teburinta na cikin babban ɗaki, kusa da injin buga takardu, kuma daga inda take tana hango ofishin Bee Geok ta gilashi, da kujerar, da tagar.

Bee Geok ta fito ta tara ma'aikatan. "Wannan ita ce Madam Rosnani. Duk abin da ya shafi tasha, ku tambaye ta kafin ku zo wurina. Duk abin da ya shafi manhaja, ita za ta tambaye ku, kuma ku amsa mata da kyau." Ta faɗa a tsaye, ba rawar murya, kowa ya gyaɗa kai. Rosnani ta lura da yadda suke kallon ta, irin kallon da a da ita ake yi wa, ta ji ƙyashin nan ya sake taso mata. Bai ragu ba ko kaɗan. Ta haɗiye shi, ta yi wa kowa murmushi.

Da aka watse Bee Geok ta tsaya a bayanta ta kunna mata kwamfutar. Allon ya cika da layuka masu launi.

"Ja na nufin kaya sun tsaya. Ruwan ɗorawa, ana jiran takarda. Danna wannan."

Rosnani ta danna, wani abu daban ya buɗe.

"Ba nan ba, Kak. Na sama."

"Na gani ai. Hannuna ne ya zame."

Ta danna na saman. Jerin kaya ya fito, guda uku sun yi ja. Ta matso da fuskarta ta karanta na farkon: alluran rigakafi, sun iso tun jiya da safe, an riƙe su a tasha. Ta duba sunan wanda ya riƙe, ta ga ta san shi, ta san ma lokacin da yake fita shan shayi.

"Wannan ba takarda yake jira ba," ta ce. "Waya yake jira. Yaya ake kiran waje da wayar teburin nan?"

"Tara za ki fara dannawa."

Bee Geok ta koma ofishinta ta turo ƙofa. Rosnani ta bi ta da kallo har ta zauna, sannan ta ɗauki kan wayar ta danna tara.